CSKA ta Mosko: Kofuna 32 da Farashin da Aka Biya

  

Abin da zan yi magana a kai shi ne tarihin ƙungiyar hokin ƙanƙara ta CSKA da ke birnin Mosko, da nasarorin da ta samu. Na ga wasu a baya suna murmushi, kamar suna cewa me ya haɗa mu da ƙanƙara in ba ta sanyaya zoɓo ba? Ku yi mani haƙuri kaɗan. Sunan dai ba baƙo ba ne a kunnenku, tun da Ahmed Musa ya buga wa CSKA ta ƙwallon ƙafa daga 2012 zuwa 2016, ya kuma lashe gasar Rasha sau uku da ita. Uwa ɗaya ta haife su, wato babban kulob ɗin wasanni na rundunar sojan Tarayyar Sobiyet. Sai dai a fagen ɗaukar kofi ɓangaren hoki ya yi wa na ƙwallo nisa ƙwarai: ya lashe gasar Tarayyar Sobiyet sau 32 cikin kakar wasa 46 da aka buga, ya kuma ɗauki kofin zakarun Turai sau 20. Tambayata ita ce, daga cikin waɗannan kofuna, nawa ne na gwaninta, nawa ne na ƙarfin gwamnati? Zan bi maganar ta fuska shida.

Na farko, shi kansa wasan, a taƙaice.

Filin daskararren ruwa ne, tsawonsa wajen mita 60, faɗinsa wajen mita 30 a yadda aka saba a Turai, an kewaye shi da katanga. Kowane ɓangare mutum shida: gola ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Suna sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna sulu a kai, kowa da sanda mai lanƙwasa. Ba ƙwallo ake bugawa ba, wani ɗan baƙin faifan roba ne mai tauri, bai fi tafin hannu ba. Zagaye uku ake yi, kowane minti 20. Gudun ya yi tsananin da ɗan wasa ba ya wuce kamar minti ɗaya a fili sai ya fita wani ya shigo, ba tare da an tsayar da wasa ba. An halatta bangaza da kafaɗa, wanda kuwa ya wuce gona da iri sai a fitar da shi na minti biyu, 'yan uwansa su ci gaba a rage. Ku riƙe wannan batu na canji, zai yi mana amfani nan gaba.

Na biyu, mafari da kuma mutumin da ake kira Anatoly Tarasov.

Wannan wasa na Kanada ne. Rashawa suna da nasu hokin tun da can, wanda ake bugawa da ƙwallo, mutum goma sha ɗaya-ɗaya, a filin ƙanƙara mai girman filin ƙwallon ƙafa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu hukumomi suka lura cewa na Kanada ne ake bugawa a gasar Olamfik, nasu kuwa babu shi. Sai aka ba da umarni a koya. A watan Disamba na 1946 aka fara gasar ƙasa, kuma ranar 22 ga watan ita ce CSKA take ɗauka a matsayin ranar haihuwarta, ko da yake a lokacin sunanta CDKA. Dynamo ta Mosko ce ta ci kofin farko. Ƙungiyar soja ta karɓe shi a 1948, ta riƙe a 1949 da 1950.

Sai wani ya shigo wanda ya fi kowa uba a gindin murhu: Vasily, ɗan shugaba Stalin, janar ne a rundunar sama, yana da tasa ƙungiyar mai suna VVS. Wanda ya so sai ya ɗauke. A watan Janairu na 1950 jirgin da ya ɗauko 'yan wasansa ya faɗi kusa da Sverdlovsk, mutum goma sha ɗaya daga cikinsu suka mutu. Aka rufe labarin, aka tara sababbi, ƙungiyar ta ci kofi uku a jere daga 1951 zuwa 1953. Da Stalin ya mutu a 1953 aka rusa ta, manyan 'yan wasanta da dama suka koma ƙungiyar soja. Na kawo wannan ne domin ku ga cewa tun daga tushe, a wannan gasa, wanda ke da iko shi ke da 'yan wasa.

To amma iko ba ya koya wa mutum buga wasa. Nan ne Tarasov ya shigo. An haife shi a 1918, ya karɓi ƙungiyar a 1947 yana bugawa yana horarwa, ya kuma riƙe ta, ban da ɗan tsaiko nan da can, har tsakiyar shekarun 1970. Ku duba halin da ya samu kansa. Ba shi da malamin da zai koya a wurinsa. Ba filin ƙanƙara mai rufi a Mosko sai a tsakiyar shekarun 1950, don haka da zarar sanyi ya wuce ƙanƙara ta narke, sai a koma tudu. Wani da sai ya zauna yana kukan rashi. Shi kuwa ya mayar da watannin nan na rashin ƙanƙara makaranta: 'yan wasa su yi alkafura riƙe da sanda, su goyi juna su hau tsauni, su yi wasa da ƙwallo biyu ko uku a lokaci guda. Golansa Vladislav Tretiak, ko tafiya yake yi akwai ƙaramar ƙwallon tanis a hannunsa yana jefawa yana cafewa. Tarasov ya nazarci 'yan rawar gidan Bolshoi don ya ga yadda jiki ke juyawa, ya saurari gwanayen wasan ces don ya ga yadda ake hango mataki uku gaba.

Me ya fito daga duk wannan? Mutanen Kanada, in sun iso tsakiyar fili, sukan harba faifan can lungun abokan hamayya, su bi shi da gudu, su ƙwace da ƙarfin kafaɗa. Tarasov ya ce a'a, abin da ke hannunka me zai sa ka jefar sannan ka je ka yi kokawa a kansa? In hanya ta toshe, a juya baya, a sake shiri, a yi ta miƙa wa juna har ƙofa ta buɗe. A wurinsa wanda ba ya riƙe da faifan shi ne mai babban aiki, domin shi zai nemi gurbin da za a tura masa. Sannan batun canjin nan da na ce ku riƙe. A Kanada 'yan gaba uku suna fita daban, 'yan baya biyu daban. A Mosko mutum biyar ne suke shiga tare su fita tare, shekara da shekaru, har kowa ya san inda ɗan uwansa zai kasance ba tare da ya ɗaga kai ba. Wannan dabara ba ministan tsaro ne ya sa mata hannu ba. Daga kan mutum ɗaya da gumin yaransa ta fito.

Shi da Arkady Chernyshev na Dynamo suka jagoranci tawagar ƙasa ta ci gasar duniya sau tara a jere, daga 1963 zuwa 1971, da zinaren Olamfik a 1964 da 1968 da 1972. Ba mai sauƙin hali ba ne, in faɗa maku gaskiya. A watan Mayu na 1969, a wasan da zai raba gardamar kofi da Spartak, alƙali ya soke wa CSKA ci, sai Tarasov ya kwashe yaransa daga fili ya ƙi dawowa sama da rabin awa, alhali shugaba Brezhnev da kansa yana zaune yana jira. Spartak ta ci wasan ta ɗauki kofi, shi kuma aka tuɓe masa lambar girmamawarsa ta koci na ɗan lokaci. A 1974 mutanen Kanada da kansu suka shigar da sunansa zauren gwarazan hoki da ke Toronto.

Na uku, yadda ake tara 'yan wasa.

A Tarayyar Sobiyet duk namijin da ya kai shekara 18 wajibi ne ya yi aikin soja. To ka ga ƙungiyar da take mallakar soja ba ta buƙatar ciniki. In yaro ya yi fice a Chelyabinsk ko Voskresensk, takardar kira kawai za a aika masa, ya yi hidimar ƙasarsa da sanda a hannu. In an ga yana da amfani sai a ba shi muƙamin hafsa, shi ke nan ya zama na gida, fitarsa kuma sai da izinin ma'aikatar tsaro. Wanda ya riga ya wuce shekarun kira, akwai wata hanyar: a nuna masa cewa ƙofar tawagar ƙasa ta CSKA take bi. Helmut Balderis ya bar Riga ya zo a 1977. Sergei Makarov ya zo daga Traktor ta Chelyabinsk a 1978, Igor Larionov daga Khimik ta Voskresensk a 1981. A takarda duka sojoji ne masu wasa don sha'awa, abin da ya ba su damar shiga Olamfik a zamanin da aka hana ƙwararru masu albashi.

Sakamakon? Cikin kaka 46, babu wata ƙungiya daga wajen Mosko da ta taɓa ɗaukar kofin ƙasar. Daga 1977 zuwa 1989 CSKA ta ci sau 13 a jere. A kakar 1983 zuwa 1984 ta buga wasa 44 ta ci 43. Ina tambayar masu sharhi da ke nan: wannan gasa ce? Wane uba ne zai sayi tikiti a Chelyabinsk ya je kallon yaron da aka raina a unguwarsu yana zura wa garinsu ci? Ra'ayina shi ne, waɗannan kofuna 32 ba su kai nauyin da adadinsu ke nunawa ba. In ana son a auna CSKA da gaske, sai a duba ranar da ta haɗu da waɗanda ba ta da ikon aika wa takarda.

Na huɗu, karo da Kanada.

Tarayyar Sobiyet ta fara shiga gasar duniya a 1954 a Stockholm, ta doke Kanada da ci 7 da 2 ta ɗauki kofi. Mutanen Kanada suka ce ai ba manyanmu ba ne, manyanmu suna gasar ƙwararru ta NHL. Haka aka yi ta yi har 1972, aka shirya wasa takwas tsakanin taurarin NHL da tawagar Sobiyet, wadda ginshiƙanta 'yan CSKA ne: Tretiak a raga yana ɗan shekara 20, a gaba kuma Boris Mikhailov da Vladimir Petrov da Valeri Kharlamov. Jaridun Kanada da yawa sun yi hasashen cin duka takwas. Ranar 2 ga Satumba a Montreal, Kanada ta zura biyu cikin 'yan mintoci, aka ce an gama. Aka tashi 7 da 3, Rashawa ne da bakwai, biyu daga ciki na Kharlamov. Kanada ce ta yi rinjaye a ƙarshe, da ci huɗu, rashi uku, kunnen doki ɗaya, kuma sai da ya rage daƙiƙa 34 a wasa na takwas Paul Henderson ya zura cin da ya raba gardama. Kafin nan, a wasa na shida, Bobby Clarke ya sari Kharlamov da sanda a idon sawu ya ji masa rauni. Ku yanke hukunci da kanku.

Amma wancan tawagar ƙasa ce. Ita CSKA da sunanta da rigarta ta je a ƙarshen 1975, ko da yake, kamar yadda aka saba, an ara mata mutum biyu daga Dynamo, Alexander Maltsev da Valeri Vasiliev. Ta lallasa New York Rangers 7 da 3. Sai daren 31 ga Disamba, ta shiga gidan Montreal Canadiens, ƙungiyar da daga wannan kakar za ta ci kofin Stanley na NHL sau huɗu a jere. Montreal ta matse su ta ko'ina, ta yi gaba da 2 da nema, daga baya 3 da 1. Sau 38 suka harba faifai a ragar Tretiak. CSKA sau 13 kacal ta harba a daren, domin yaran Tarasov ba sa bugu sai sun ga ƙofa a buɗe, amma uku daga ciki suka shiga, ta hannun Mikhailov da Kharlamov da Boris Alexandrov. Aka tashi 3 da 3, ba dambe, ba hayaniya, kuma har yau akwai dattawa a Montreal da ke cewa ba a taɓa buga wasan da ya fi wannan ba. Daga nan CSKA ta doke Boston 5 da 2.

Wasan ƙarshe a Philadelphia, ranar 11 ga Janairu 1976, wani abu ne daban. 'Yan ƙungiyar garin, Flyers, sun yi suna wajen duka. A zagayen farko Ed Van Impe ya kwantar da Kharlamov, alƙali bai busa ba, koci Konstantin Loktev ya kwashe yaransa suka shige ɗaki. Ba su fito ba sai da aka shaida masu cewa in ba su dawo ba babu kuɗin wasa. Suka dawo, aka ci su 4 da 1. Wasa huɗu ke nan a gidajen mutane, a filin da ya fi nasu ƙunci: ci biyu, kunnen doki ɗaya, rashi ɗaya. A wurina wannan rangadi ya fi kofi goma na cikin gida.

Na biyar, zamanin Viktor Tikhonov.

Ya zo daga Riga a 1977, aka haɗa masa CSKA da tawagar ƙasa. Tarasov mai faɗa ne mai raha, Tikhonov kuwa mai littafin rubutu ne, ba dariya. Ya killace 'yan wasa a sansanin Arkhangelskoye da ke bayan Mosko kusan wata goma sha ɗaya a shekara. Magidanta ne masu mata da 'ya'ya, gidajensu ba nisa, amma ganin iyali sai an ba da izini. A gasar Olamfik ta Lake Placid a 1980 ya cire Tretiak bayan zagayen farko, ɗaliban jami'o'in Amurka suka ci su 4 da 3. A 1981 ya ajiye Kharlamov daga tawagar da za ta je gasar kofin Kanada. Tawagar na can, ranar 27 ga Agusta, Kharlamov da matarsa Irina suka rasu a haɗarin mota kusa da Mosko, yana da shekara 33. Abokansa suka ci Kanada 8 da 1 a wasan ƙarshe. Tretiak, wanda Montreal ta nema aka hana shi tafiya, ya ajiye wasa a 1984 yana da shekara 32 kawai.

Duk da haka a hannun wannan mutum ne aka ga biyar ɗin da masana da yawa ke cewa ba a yi kamarsu ba: Vladimir Krutov da Larionov da Makarov a gaba, Viacheslav Fetisov da Alexei Kasatonov a baya. Su ne kuma suka fasa ƙwai. A 1988 Larionov ya rubuta wa Tikhonov buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar Ogonyok, ya zayyana yadda ake tsare da su. Fetisov, kyaftin ɗin ƙungiya kuma hafsan soja, ya yi ta fafutuka har aka sake shi ya tafi New Jersey a 1989. Matasa ba su tsaya jiran izini ba. Alexander Mogilny ya sulale a Stockholm a watan Mayu na 1989 bayan gasar duniya, ya ɓulla a Buffalo, aka tuhume shi da gudun soja. Sergei Fedorov ya bi sahu a 1990 ya tafi Detroit, Pavel Bure ya tafi Vancouver a 1991. Waɗannan ukun aka tanada su gaji manya, ga shi duka sun watse cikin shekara biyu.

Na shida, faɗuwa da tashi.

Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, ba takardar kira mai aiki, ba kuɗin soja. Ƙungiyar ta talauce har a 1993 ta shiga haɗin gwiwa da masu Pittsburgh Penguins na Amurka, abin da bai daɗe ba ya watse. An kai lokacin da ƙungiyoyi biyu ke jayayya a kan sunan CSKA, sai a 2002 aka haɗe su. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci salon wasan yana can yana cin kofi a wata ƙasa. A Detroit koci Scotty Bowman ya haɗa tsofaffin 'yan CSKA biyar, Fetisov da Larionov da Fedorov da Vladimir Konstantinov da Vyacheslav Kozlov, ya bar su su shiga tare su yi wasan da suka sani. A 1997 Detroit ta ɗauki kofin Stanley, karon farko tun 1955. Gwamnatin da ta tara su ta mutu, abin da Tarasov ya koyar bai mutu ba.

A gida kuwa an kafa gasar KHL a 2008, kofinta shi ne kofin Gagarin. A ƙarshen 2011 kamfanin man fetur na gwamnati, Rosneft, ya karɓi CSKA. Kuɗi ya dawo, amma kofi bai zo da sauri ba, domin yanzu garuruwan da a da ake kwashe masu yara su ma suna da masu gidan rana. A 2015 CSKA ta yi gaba da SKA ta Saint Petersburg da wasa uku ba ko ɗaya, aka juye mata aka ci huɗu a jere. Ta sha kashi a wasan ƙarshe a hannun Metallurg ta Magnitogorsk a 2016, da Ak Bars ta Kazan a 2018. Sai a 2019, shekara 30 cif bayan kofinta na 1989, ta share Avangard wasa huɗu a jere ƙarƙashin Igor Nikitin, da Kirill Kaprizov a gaba da Ilya Sorokin a raga. Avangard ta rama a 2021. A 2022 Metallurg tana gaba da wasa uku da ɗaya, CSKA ta farfaɗo ta ci uku a jere ta ɗauki kofi, a 2023 kuma ta doke Ak Bars a wasa na bakwai. Kocin da ya ci waɗannan biyun shi ne Sergei Fedorov, yaron nan da ya gudu a 1990. Kuma an ci su ne bayan KHL ta ƙayyade iyakar albashin da kowace ƙungiya za ta iya biya. Shi ya sa nake ganin kofunan nan uku, duk da ƙarancinsu, an fi shan wuya kafin a same su fiye da sha ukun Tikhonov.

Kada dai a ɗauka komai ya sauya. A watan Fabrairu na 2022, saboda yaƙin Yukiren, hukumar hoki ta duniya ta dakatar da Rasha, ƙungiyar Jokerit ta Finlan da Dinamo ta Riga kuma suka fice daga KHL. A wannan shekarar golan da ya ci wa CSKA kofi, Ivan Fedotov, ya sa hannu zai koma Philadelphia Flyers. A farkon watan Yuli aka kama shi a Saint Petersburg bisa zargin kauce wa aikin soja, aka tura shi sansanin sojan ruwa a arewacin ƙasar. Da ya gama ya sake buga wa CSKA kaka ɗaya, sai a 2024 ya isa Philadelphia.

Mai girma shugaba, na ga kana duban agogo, don haka a nan zan dakata.  Wanda ke da tambaya, ko yake ganin na tauye wa Tikhonov haƙƙinsa, ga makirfo nan, bismillah.